Ɓarnar ƙwari a ganyen itatuwan kurmi

Kurmi mai ɗanyen ganye shi ne dajin da itatuwansa ba sa kakkaɓe ganye gaba ɗaya da rani, irin wanda ake samu a gandun dajin Okomu da ke jihar Edo, da na Kuros Riba, da kwarin kogin Kwango da na Amazon. Ya bambanta da dajin ƙasar Kano, inda kuka kan tsaya tsirara da hunturu. Da yake ganye ɗaya a kurmi yakan shekara ko fiye a jikin reshe, duk tabon da ƙwaro ya yi masa yana nan tare da shi har ya faɗi.

Ana gane mai ɓarnar daga irin tabon. Tsutsar malam-buɗe-littafi da fara sukan gaigaye gefen ganye ko su huda shi. Akwai ƙananan tsutsotsi masu kutsawa tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa, su bar farin layi mai lanƙwasa. Darɓa kuwa tsotse ruwan ganye take yi har ya nannaɗe, wasu ƙudaje kuma su sa ƙwai a ciki ganyen ya yi ƙuraje. A kurmin Amurka ta Kudu akwai tururuwa masu yanka ganye su kwashe zuwa rami, inda suke noma wata irin funfuna da shi, ita ce abincinsu.

Mafi yawan ɓarnar tana aukuwa ne a 'yan makonnin da ganye yake sabon toho, lokacin da yake da taushi da ruwa. Masaniyar tsirrai Phyllis Coley, wadda ta yi bincike a tsibirin Baro Kolorado na ƙasar Fanama, tana cikin waɗanda suka tabbatar da haka. Idan ganyen ya ƙosa sai ya yi tauri, amma tun yana toho yakan tara sinadarai masu bauri da ɗaci, daga ciki har da tanin, wato sinadarin nan da ke cikin bagaruwa wadda majeman Kano ke jeme fata da ita. Itatuwan kurmi da dama sukan jinkirta koren tohonsu, ya fito ja ko fari-fari, abin da masana ke ɗauka hanya ce ta rage asara idan ƙwaro ya cinye shi. Mai son ganin wannan a Kano ya dubi sabon tohon mangwaro, wanda shi ma, kamar darbejiya, baƙo ne daga nahiyar Asiya kuma ba ya rabuwa da ganye.

Ba kasafai wannan ci yake kashe babban itace ba, sai dai yana rage masa girma da 'ya'ya, kuma ƙananan tsirrai da ke cikin inuwa sun fi jin jiki, domin mayar da ganyen da suka rasa yana ɗaukar su lokaci mai tsawo. A dazuzzukan Kanada masu ganye kamar allura lamarin ya fi muni, don wata tsutsa takan yi annoba ta cinye toho shekaru a jere har itatuwa su bushe.