Littafi ko intanet? Tambayoyin da sababbin ɗalibai ke yi mini game da bincike

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma tun da na fara rubuta kundin kammala digiri na zama ɗan gida a laburare. Shi ya sa ƙannenmu 'yan ajin farko ke yawan tare ni da tambayoyi. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da nake ba su gwargwadon abin da na gani da idona.

Tunda komai yana intanet, me zai kai ni laburare?

Ba komai ne ke intanet ba, kuma ba duk abin da ke can ake samu kyauta ba. Akwai littattafai birjik da ba a taɓa ɗaukar hotonsu an ɗora ba. Wasu an ɗora su, amma dokar haƙƙin mallaka ta hana a nuna su gaba ɗaya, shi ya sa Google Books kan buɗe maka 'yan shafuka, kana cikin jin daɗin karatu ya rufe. Mujallun masana kuwa, da yawansu sai da kuɗi. Laburaren makaranta ne ke biya a madadin ɗalibai, ya buɗe musu rumbuna irin su JSTOR. Sau da yawa maƙalar da ɗalibi ya sauke a wayarsa yana cewa a intanet ya same ta, laburare ne ya buɗe masa ƙofar bai sani ba.

Na shiga na ga kantoci cike da littattafai, na rasa ta inda zan fara. Yaya ake gano littafi?

Kowane littafi yana da adireshi, wato 'yar lambar nan da ke manne a gefensa. Laburarori da yawa suna bin tsarin da wani masanin laburare Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar a 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma. Addini yana 200, zamantakewa 300, harshe 400, kimiyya 500, fasaha 600, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900. Kowane gida kuma an sake rarraba shi: doka tana 340, ilimin koyarwa 370, likitanci 610, noma 630. Manyan jami'o'i da dama sun fi amfani da tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, mai tafiya da haruffa, inda K ke nufin doka, Q kimiyya, R likitanci. Ka nemi sunan littafin ko batunsa a katalog, ka kwafi lambar duka, ka bi kanta.

Amma kada ka ɗauki littafin nan ɗaya ka juya. Tsaya ka duba na damansa da na hagunsa, domin an jera su ne bisa batu. Littafin da ya fi taimakona a kundina ban san da zamansa ba. Na je neman wani ne, na tarar an ara, sai idona ya faɗa kan maƙwabcinsa, bangonsa duk ya koɗe. Na buɗe fihirisar da ke ƙarshensa a tsaye, na ga kalmar da nake nema da lambobin shafuka a jere a gabanta. Ranar ban tashi ba sai da aka fara kashe fitilu.

Idan ka rasa yadda za ka yi, tambayi ma'aikacin laburare. Sai dai kada ka ce masa kana neman "wani abu a kan lafiya". Faɗa masa tambayar da kake son amsawa da matakin karatunka.

To wanne ya fi zama abin dogaro, littafi ko intanet?

Ni na daina kallon lamarin ta wannan fuskar. Takarda da allon waya duk mazubi ne. Abin tambaya shi ne wa ya rubuta, wa ya duba kafin a fitar, kuma yaushe.

Littafin kirki yana bi ta hannun editoci da maɗaba'a, kuma yana ɗaukar mai karatu daga tushen batu har ya kai shi reshe. Wannan ne ya sa in batu sabo ne gare ni, da littafi nake farawa. Rauninsa shi ne yana tsufa. Littafin kimiyya da aka buga kafin 2006 zai ce maka duniyoyi tara ne ke kewaya rana, alhali a shekarar ƙungiyar masana taurari ta duniya ta cire Pluto daga jerin. Marubucin bai yi ƙarya ba, zamani ne ya wuce shi. Saboda haka abin da nake fara dubawa shi ne bayan shafin take, inda ake rubuta shekarar bugu da ko bugu na nawa ne.

Intanet kuwa tana da sauri, kuma a nan sabon bincike ke fara bayyana. Amma maƙalar da masana suka tantance kafin a buga ta, da rubutun wanda ya tashi da safe ya zuba ra'ayinsa, duk a allo ɗaya suke fitowa, wani lokaci na biyun ma ya fi kyan gani. Dabarar da na koya ita ce, in na faɗa shafin da ban sani ba, ba na ɓata lokaci ina karanta abin da yake cewa game da kansa. Nakan buɗe wani shafin in bincika me wasu ke cewa a kansa, wa ke ɗaukar nauyinsa, me yake sayarwa. Minti biyu sun isa su raba ka da wahalar mako guda.

Wani abu kuma, shafin intanet yakan ɓace. Ka riƙa rubuta ranar da ka karanta shi, in kuma ka dawo ka tarar babu, gwada Wayback Machine, mai ajiye tsofaffin kwafin shafuka.

Malamai sun hana mu kafa hujja da Wikipedia. Ke nan ba ta da amfani?

Tana da shi ƙwarai, a matsayin mashiga. Tun da aka kafa ta a 2001 masu sa kai ne ke rubuta ta, kuma abin da ka karanta yau yana iya canzawa gobe. Karanta don ka san sunaye da kalmomin batun, sannan ka gangara ƙasan shafin inda aka jera madogara, ka bi su har asali. Su za ka ambata, bayan ka karanta su da kanka.

Ina rubuta abu a Google sai tarkace su fito. Ina kuskuren yake?

Galibi jimla guda kake zubawa. Tsamo kalmomi biyu ko uku da ke ɗauke da nauyin tambayarka, ka tanadi takwarorinsu, domin masana ba lallai su kira abu da sunan da ka sani ba. Sa kalmomi cikin alamar zance in kana son su fito a jere yadda ka rubuta su. Sa alamar ɗebewa a gaban kalmar da ba ka so. Don aikin makaranta ka koma Google Scholar, sashen Google na neman maƙalun masana, wanda aka buɗe a 2004. A ƙarƙashin kowace maƙala yana nuna waɗanda suka ambace ta daga baya. Manazartar maƙalar tana kai ka baya, wannan jerin kuma yana kai ka gaba, sai ka ga daga maƙala ɗaya mai kyau ka kama zaren batun duka. Kuma karanta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala, tukuna kafin ka sauke shafi talatin.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira fa, irin su ChatGPT?

A nan na sha kunyar da ba zan manta ba. Na nemi wata manhaja ta ba ni ayyukan da aka yi a kan batuna, ta jero su tsaf, da sunayen marubuta da shekaru da lambobin shafi. Na sa biyu a babin bitar ayyukan da suka gabata ba tare da na nemo su ba. Malamin da ke duba aikina ya ja layi da jan biro, ya ce, "Kawo mini wannan in gani." Kwana uku ina nema, babu ita babu dalilinta. Ba a taɓa rubuta maƙalar ba. Waɗannan manhajoji suna haɗa kalmomi ne bisa abin da ya fi kama da daidai, don haka suna iya ƙaga madogara mai kama da ta gaske. Har yanzu ina amfani da su wajen fahimtar abin da ya shige mini duhu, amma duk abin da ban buɗe na karanta ba, ba ya shiga aikina.

Yaya zan kauce wa satar fasaha?

Yawancinta daga sakaci take farawa. Duk abin da ka kwafa, a take ka rubuta marubuci da shekara da shafi, ka kuma sa alamar da za ta nuna maka cewa kalmomin wani ne. Bayan wata uku ba za ka iya bambance naka da nasa ba. Manhajar Zotero kyauta ce, tana ajiye waɗannan bayanai ta kuma tsara manazarta.

Bayan an gama makaranta, wannan wahalar tana da wani amfani a wurin aiki?

Wannan tambayar ta fi kowace taɓa ni, domin ni ma da na ɗauka don maki kawai ake yi. Lauya yana neman hukuncin da kotu ta taɓa yankewa a shari'a irin tasa, kuma dole ya tabbatar wata kotu ta sama ba ta soke shi ba. Likita yana shiga PubMed, rumbun maƙalun likitanci, ya duba ko maganin da ya koya a makaranta har yanzu shi ake ba da shawara a kai. Ɗan jarida yana bin hoto har inda aka fara ɗora shi kafin ya ce na jiya ne. Injiniya yana tabbatar da cewa ƙa'idar da ke hannunsa ita ce bugu na ƙarshe. Duk aikin nan ne da muke yi tsakanin kantoci.

Akwai kuma waɗanda wannan ce sana'arsu kacokan: ma'aikatan laburare, masu adana takardun tarihi, masu kula da bayanan asibitoci da kamfanoni, masu tantance gaskiyar labarai. Da can ina ganin aikin ma'aikacin laburare bai wuce buga hatimi da cewa a yi shiru ba. Sai ranar da wata ma'aikaciya ta saurari tambayata, ta canza kalma ɗaya a cikin abin da na rubuta a kwamfuta, maƙalun da na yi sati biyu ina nema suka fito a jere. Na tambaye ta me ta karanta, ta ce kimiyyar laburare da sarrafa bayanai. Yanzu haka ina duba sharuɗɗan shiga digiri na biyu a fannin.