Zarton inji mai kai-da-komo: shin maɓallin lilo ya cancanci ƙarin kuɗi?

Wane irin zarto ne wannan, kuma me ake yi da shi?

Inji ne mai dogon jiki da ake riƙewa da hannu biyu, a bakinsa akwai siririyar wuƙa mai haƙora da ke shiga tana fita har kusan sau 3,000 a minti guda. Kamfanin Milwaukee na Amurka ne ya fito da shi a 1951 da sunan Sawzall, kwalayen da ke da rubutun Faransanci kuma za ka ga an sa musu "scie sabre". Aikinsa rusau ne: kwance tsohon rufi, yanke katakon da ƙusa ta maƙale a ciki, datse tiyo a lungun da wani zarto ba ya shiga, sassabe reshen dogon yaro. Kafintan da ke neman miƙaƙƙen yanka na ƙofa ko kabad, wannan ba injinsa ba ne.

Mene ne lilon, kuma me yake ƙarawa?

A zarton da ba shi da lilo, wuƙa gaba da baya kawai take yi a kan layi ɗaya. Idan aka kunna lilo, sai ta riƙa ɗan zagaye: tana dawowa baya, wato lokacin da haƙora ke ci, inji ya danna ta cikin katako, tana tafiya gaba ya ɗan ɗaga ta. Wannan ɗagawar ce ke ba garin katako hanyar zubewa, haƙora ba su cushe ba, wuƙa ba ta yi zafi da wuri ba. Shi ya sa a katako mai kauri yankan ke sauri ƙwarai, ba sai ka danna da ƙarfin tsiya ba.

Amma ba a banza ake samun saurin ba. Bakin yankan yakan fito kaca-kaca, girgiza ta ƙaru, hannu ya gaji da wuri.

To a ƙarfe fa?

A kashe lilon. Ƙarfe ba ya lotsawa kamar katako, don haka duk dannawar da lilo ya yi duka ne a kan haƙora, su yi ta guntulewa ɗaya bayan ɗaya. A kwanon rufi abin ya fi muni, domin haƙori kan kama gefen kwanon ya yi ta karkaɗa shi maimakon ya yanka. Tiyon roba ma yana iya tsagewa. A ƙarfe ana rage gudu, a ɗiga ɗan mai a kan wuƙa, a bar ta ta ci da kanta.

Ke nan in saya mai lilo ko in haƙura?

Duba aikin da ya fi yawa a hannunka. Mai kwance rufi da mai saran itace za su mori kuɗinsu. Mai walda da mai aikin famfo kuwa za su biya kuɗin maɓallin da kullum a kashe zai zauna. Gara su sa kuɗin a wuƙaƙe masu kyau. Mu a ganinmu tsawon bugu ya fi lilo muhimmanci: injin da wuƙarsa ke tafiyar milimita 28 zuwa 32 a kowane bugu ya fi ƙaramin mai milimita 13 zuwa 20 ci nesa ba kusa ba.

Wace wuƙa ce ta dace da wane aiki?

Lambar da ke jikinta tana nuna yawan haƙora a inci guda. Mai 6 ta katako ce, mai 8 zuwa 10 ta katako mai ƙusa, mai 14 zuwa 18 ta tiyon ƙarfe da rodi, mai 24 ta siririn kwano. Ƙa'idar ita ce aƙalla haƙora uku su zauna a kan abin da ake yankawa. Tsawo kuma akwai milimita 150, 225 da 300. Zaɓi wadda bakinta zai leƙo ta ɗaya gefen ko da ta ja baya gaba ɗaya.

Mai waya ko mai batir?

Mai waya na wat 1,000 zuwa 1,500 ya fi sauƙin kuɗi, sai dai in an ɗauke wuta sai da janareta, kuma ƙaramin da bai kai kilowat 2 ba zai riƙa shaƙewa wajen tashin inji. Karanta tambarin da ke jikinsa: wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, bolt 220 ce, ƴan gwanjon da suka fito daga Amurka kuwa 120 suke sha, kana jonawa sai hayaƙi. Mai batir a nemi na bolt 18 da batir na amfe-awa (Ah) 4 ko 5, biyu in da hali. Kada a bar batir a rana ko cikin rufaffiyar mota, balle a zafin Afrilu da Mayu na Maradi, kuma a bari ya huce kafin a sa shi caji.

Me ke sa wuƙa lanƙwashewa, inji ya yi ta fizgar mutum?

Galibi farantin ƙarfen da ke bakin injin ne ba a manna shi da abin da ake yankawa ba. Manna shi sosai, sai girgizar ta tafi ga yanka maimakon kafaɗarka. Wani lokaci kuma bakin wuƙa ne ke dukan bango ta baya, ko katakon ya sunkuyo ya matse ta, don haka a tokare shi yadda yankan zai buɗe. Kafin a huda bango ko silin a kashe wutar gidan daga mita, a tabbatar babu waya ko tiyon ruwa a wurin, a sa tabarau, sannan a zare batir ko waya duk lokacin da za a canza wuƙa.