Wane girman famfo ya dace da babban tankin kifi mai samp?

Samp shi ne ƙaramin tankin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin babban tankin gilashi na kifin ado. A cikinsa ake ajiye soson tacewa da sauran na'urori. Ruwa na gangarowa da kansa ta bututun ambaliya, famfo kuma shi ke mayar da shi sama. Ga tambayoyin da aka fi yi kafin sayen wannan famfo.

Lita nawa ya kamata ya tura a awa ɗaya?

Abin da masu kiwon suka fi bi yanzu shi ne ninki 3 zuwa 5 na ruwan babban tankin. A da ana cewa ninki 10, har yanzu ma wasu na kan haka, amma a ganina ɓarnar wuta ce da hayaniya. Tanki mai tsawon santimita 180, faɗi 60, zurfi 60 yana cin lita 648. Ke nan ana neman lita 2,000 zuwa 3,200 su riƙa isa sama a kowace awa. Idan a galan ɗin Amurka aka rubuta ƙarfin famfon, a ninka da 3.8.

To in sayi wanda aka rubuta 3,000 a kwalinsa?

A'a, nan ne aka fi tafka asara. Adadin da ke jikin kwali shi ne abin da famfon ke bayarwa idan ba ya hawa da ruwan ko'ina. Da zarar an ɗora masa bututu ya fara turawa sama, ƙarfinsa sai ya yi ta raguwa, har a kai tsayin da ko ɗigo ba zai fito ba. A auna daga saman ruwan samp zuwa bakin da ruwan ke fita a babban tanki, yawanci yakan kama mita 1.2 zuwa 1.5. Sai a ƙara abin da bututu ke cinyewa: masu harkar sukan ƙiyasta kowace kwanar bututu mai digiri 90 a matsayin ƙarin kimanin santimita 30. Irin waɗannan kwanoni guda uku kawai sun kusan ƙara mita guda. Siririn bututu ya fi kwana ɓarna, don haka kada a rage faɗinsa ƙasa da bakin famfon.

Kamfanoni irin su Eheim na Jamus da Sicce na Italiya suna buga jadawalin da ke nuna yawan ruwa a kowane tsayi. Shi za a duba. A tankin misalinmu, sau da yawa famfo mai 4,500 ko 5,000 a kwali ne ke kai 3,000 ɗin da ake nema. Famfon da ba shi da wannan jadawali, ni dai ba na ba da shawarar sayensa.

Idan na sayi babba sosai don in huta fa?

Bututun ambaliya ne ke da iko a nan. Idan famfo na tura ruwan da ya fi abin da bututun ke iya sauko da shi, babban tanki zai cika ya malale a falo, samp kuma ya ƙafe famfon ya ƙone. Bututu mai inci 1 ana yi masa lissafin kusan lita 2,000 a awa, kuma hankali shi ne kada a kai shi maƙura, domin ganye ɗaya ko dodon-koɗi na iya toshe rabinsa. Ban da haka, ruwan da ke wucewa da gudu yakan kwashi ƙananan kumfa ya watsa su a tankin.

Sannan akwai zafi. Famfon da ke nutse a ruwa, kusan duk wutar da ya sha takan koma zafi a cikin ruwan. A Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai wat 100 yana cin yunit 72 a wata, mai wat 40 kuma ƙasa da 29.

Amma kifina na son ruwa mai motsi.

Wannan aikin ƙananan famfunan kaɗa ruwa ne da ake mannawa a jikin gilashi. Sun fi sauƙin wuta nesa ba kusa ba.

Za a iya rage wa famfo ƙarfi idan ya yi yawa?

Ana iyawa. A sa bawul a ɓangaren da ruwa ke fita, a matse shi kaɗan. Kada a kuskura a matse ɓangaren da yake zuƙa, yin haka na lalata farfelar da ke cikin famfon. Famfunan DC, wato masu aiki da wuta irin ta batir, kamar na Jebao ko Vectra na EcoTech, suna zuwa da na'urar ƙara gudu da ragewa. Da su ana iya sayen mai ɗan rara a bar shi yana aiki a kashi 60 ko 70 cikin ɗari, ƙara ta ragu, kuma inbata ba ta wahala da su. Mai yin oda daga Amurka ya duba wutar: tasu bolt 120 ce, tamu 230.

Me ke faruwa idan aka ɗauke wuta?

Ruwan sama zai dawo ta bututun famfon har sai bakin bututun ya sha iska. A tankinmu mai 180 da 60, kowane santimita ɗaya da ruwa ya sauka lita 10.8 ne. Idan bakin bututun ya nutse santimita 5, samp na buƙatar sararin sama da lita 54. A ɗaga bakin kusa da saman ruwa, ko a huda ƙaramin rami a jikin bututun, ƙasa kaɗan da saman ruwan, don ya shaƙi iska. Bawul mai hana ruwa komawa yana taimakawa, sai dai datti kan hana shi rufewa, kada a dogara da shi kaɗai. A cire fulogi da gangan a gwada tun kafin a zuba kifi.

Ta yaya zan san ainihin abin da famfona ke bayarwa?

A tara jarka mai lita 20 a bakin bututun da ke saukowa samp, a duba agogo. Idan ta cika a daƙiƙa 24, lita 3,000 ke nan a awa. Idan sai da ta kai 36, lita 2,000 ne. A maimaita gwajin bayan wasu watanni, domin gansakuka da farar ƙasa kan taru a farfela da bututu su rage gudun, wanki kuma na dawo da shi.