Ma'anar Haska Abinci da Radiyeshin, da Yadda Ya Shiga Kasafin Ciyar da Yara

Haska abinci da radiyeshin hanya ce ta tsabtace abinci da tsawaita kwanansa, inda ake bi da shi ta gaban wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, na wani lokaci ƙayyadadde, domin hasken ya ratsa shi ya lalata ƙwayoyin cuta da ƙwari da ƙwayayensu har su kasa hayayyafa. Haske iri uku ake amfani da shi: hasken gama wanda ke fita daga sinadarin kobalt-60, da hasken eksire irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, da kuma ilektron da wata na'ura ke harbawa da ƙarfin lantarki. Abincin yakan shiga wani ɗaki mai kaurin bangon kankare yana cikin kwalayensa, ya zagaya gaban hasken, ya fito ba tare da ya dahu ba, domin zafin da yake ɗauka bai taka kara ya karya ba.

Kalmar radiyeshin ita ce tushen yawancin ruɗanin. Wanda ya ji ta, hankalinsa yakan tafi ga haɗarin Chernobyl na 1986 ko na Fukushima na 2011, inda burbushin nukiliya ya zuba a kan gonaki ya shiga madara da ganyaye. Wancan gurɓatawa ce, wato sinadarin mai fitar da hasken shi ne da kansa ya shiga cikin abincin. A wajen haskawa kuwa sinadarin yana rufe cikin bututun ƙarfe, ba ya taɓa abincin, kuma an ƙayyade ƙarfin hasken yadda ba zai iya mayar da abincin mai fitar da radiyeshin ba. Da irin wannan hanya ake tsabtace ɗimbin sirinji da safar hannu da kayan tiyata da ake amfani da su a asibitocin duniya, ba kuma wanda ke gudun su.

Ma'aunin hasken da abinci ya sha shi ne gire, gire dubu kuma shi ne kilogire ɗaya, kuma kusan dukkan dokokin wannan fanni a kan wannan ma'auni suke tsaye. Abin da bai kai rabin kilogire ba ya isa ya hana dankali da albasa da tafarnuwa tsiro a rumbu. Har zuwa kilogire 1 ana kashe ƙwarin hatsi da ƙudan 'ya'yan itace, wanda shi ne ya buɗe wa mangwaron Indiya kasuwar Amurka a 2007 bayan shekaru da hana shi shiga. Daga kilogire 1 zuwa 10 ake maganin ƙwayoyin da ke sa gudawa da amai a nama da kaji da kayan yaji, irin su Salmonella da E. coli. Sama da haka sai abinci na musamman, kamar wanda ake tanadar wa 'yan sama jannati.

A 1980 wani kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ya yanke cewa haska kowane irin abinci har zuwa kilogire 10 ba ya haifar da guba, kuma a kan wannan ne hukumar Codex Alimentarius, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta fitar da ƙa'idarta a 1983, ta sake mata fasali a 2003. Duk da haka ƙasashe ba su bi hanya ɗaya ba. Amurka ta amince da haska alkama tun 1963, sannan kaji a 1990, jan nama a 1997, alayyafo da wani nau'in latas a 2008. Tarayyar Turai kuwa, a dokokinta na 1999, busassun ganyayen ƙamshi da kayan yaji kaɗai ta sa a jerin da ya shafi dukkan ƙasashenta, ta bar wa ƙasashe irin su Beljiyam da Faransa izininsu na da a kan wasu 'yan kayayyaki. Binciken da ke gaban hukumomin Amurka da na Turai ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne yadda kowace ta auna yardar jama'arta.

Masu tallata wannan fasaha sukan yi saurin wuce iyakokinta, alhali iyakokin nan su ne ya kamata mai tsara manufa ya fara sani. Haskawa ba ta cire gubar da ƙwayar cuta ko fumfuna ta riga ta zuba a cikin abinci, don haka hatsin da gubar afulatoksin ta kama ba zai gyaru ba. Ƙwayoyin bairos suna da taurin kai a gabanta. Tana rage wasu sinadaran bitamin, musamman B1, ko da yake dafawa ma tana yin hakan, kuma tana canza ɗanɗanon abinci mai maiƙo, shi ya sa ba ta dace da madara ba. Abincin da aka haska, idan aka buɗe shi da hannu mai datti ko aka bar shi cikin zafi, sai ya sake gurɓata kamar kowane abinci. Masu adawa kuma suna da wata hujja da ba za a yi watsi da ita ba, wato tsoron cewa mahauta da masana'antu za su sassauta tsabta idan sun san akwai haske a ƙarshen layi da zai rufe musu asiri.

Yara suna shiga wannan magana ne saboda su ne cutar gurɓataccen abinci ta fi yi wa illa. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da irin wannan ciwo a shekara, 420,000 su mutu, kuma 125,000 daga cikin mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A Amurka, abin da ya zaburar da hukumomi shi ne annobar 1993, lokacin da niƙaƙƙen naman shanu mai ɗauke da E. coli O157:H7, wanda ba a gasa shi sosai ba, ya kwantar da mutum fiye da 700 ya kashe yara huɗu. Wannan ƙwaya tana iya lalata ƙodar ƙaramin yaro cikin 'yan kwanaki, kuma tana cikin waɗanda haskawa ke kashewa da sauƙi.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina shi ne ainihin inda gardamar take, ko da yake da sunan lafiya ake yin ta. Gina cibiyar haskawa aiki ne na miliyoyin daloli, kuma kashe kuɗin ba ya ƙarewa ranar buɗe ta. Kobalt-60 yana rasa rabin ƙarfinsa a cikin shekara biyar da 'yan watanni, wato kimanin kashi 12 cikin ɗari duk shekara, ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba, saboda haka dole a riƙa sayo sabo ana ƙarawa. Ga albashin ƙwararru, ga tsaro, ga jigilar abinci cikin motocin sanyi zuwa cibiyar da dawo da shi. Gwamnatin jiha ko lardi da ta gina irin wannan wuri ba tare da ta tabbatar akwai kayan da za su riƙa ratsa shi dare da rana ba, ta sayi abin da ke narkewa a hannunta. Kuma kowane kuɗi da aka zuba a nan, an ɗauke shi ne daga wani wuri a kasafin: ruwan sha mai tsabta, ko firiji a ɗakunan girkin makarantu, ko masu duba mayanka. A inda yara ke mutuwa saboda gurɓataccen ruwa, da wuya a ce cibiyar haskawa ce ta fi cancantar kuɗin farko.

Misalin da ya haɗa lafiyar yara da kuɗi da yardar jama'a wuri guda shi ne shirin ciyar da ɗalibai na Amurka. Bayan dokar aikin gona ta 2002, ma'aikatar aikin gona ta ƙasar ta sanar a 2003 cewa daga farkon 2004 makarantu za su iya karɓar niƙaƙƙen naman da aka haska. Iyaye da yawa suka ƙi, hukumar makarantun Los Angeles ta haramta shi a makarantunta, haka ma wasu gundumomi. Damuwarsu tana da tushe a wani wuri guda: mai sayayya a kanti yana ganin alamar Radura, wato hoton tsiro cikin da'ira da doka ta wajabta a manna a kan kayan da aka haska, ya zaɓa ko ya bari, amma yaron da aka zuba wa abinci a faranti ba ya ganin kwali, ba shi kuma da zaɓi. Majalisar dokokin ƙasar ta amsa da dokar ciyar da yara ta 2004, wadda ta ce ba za a kai irin wannan nama ba sai jiha ko hukumar makaranta ta nema da kanta, a sa masa alama a fili, kada a gauraya shi da wanda ba a haska ba, kuma kuɗin da gwamnatin tarayya ke mayar wa makarantu ba zai ƙaru saboda shi ba. Da yake naman da aka haska ya fi tsada, wannan sharaɗi na ƙarshe ya ɗora bambancin farashin a wuyan jihohi da gundumomi, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka nemi a kawo musu shi.