Ƙaramar Hanya (koyarwar Tereza ta Lisieux)

Ƙaramar Hanya suna ne da ake kiran tafarkin ibadar Tereza Martin, wata sista 'yar Katolika a ƙasar Faransa, wadda ta koyar cewa mai bi ba ya buƙatar gagarumin aiki kafin ya kusanci Allah, muddin yana yin ayyukan yau da kullum cikin ƙauna da tawali'u, yana kuma dogara ga jinƙan Ubangiji kamar yadda yaro ke dogara ga mahaifinsa. Ana danganta tushen koyarwar da Matiyu 18:3, inda Yesu ya ce sai mutum ya zama kamar ƙaramin yaro zai shiga Mulkin Sama.

An haifi Tereza a garin Alençon ranar 2 ga Janairu 1873. A 1887 ta je Roma ta roƙi Paparoma Leo XIII ya yarje mata shiga gidan zuhudu na Karmel duk da ƙarancin shekarunta, kuma a 1888 ta shiga gidan na Lisieux tana da shekara 15. Ba ta sake fita ba har tarin fuka ya yi ajalinta ranar 30 ga Satumba 1897.

Misalan da ta bari ƙanana ne ƙwarai, kuma a nan ƙarfin koyarwar yake. Akwai wata tsohuwar sista mai fama da ciwo da yawan mita, wadda Tereza ke rakawa ɗakin cin abinci kowace yamma, tana riƙe da ita a hankali, ta yanka mata burodi, sannan ta yi mata murmushi kafin ta tafi. A wurin wanki kuma wata 'yar'uwa kan fantsama mata ruwa mai datti a fuska ba da sani ba, ita kuwa ta hana kanta ko da goge fuskar, don kada waccan ta ji kunya. Wadda take ji ba ta kwanta mata a rai ba, ita ce ta fi kyautata wa.

Masu ɗaukar wannan hanya a matsayin ibada mai sauƙi sun yi mata gajeriyar fahimta, domin Tereza ta shafe kusan shekara ɗaya da rabi na ƙarshen rayuwarta cikin matsanancin kokwanto game da lahira, amma ba ta fasa hidimarta ba. Littafin tarihin rayuwarta da aka buga a 1898, wanda yayarta Pauline ta yi wa gyare-gyare masu yawa, ya taimaka wajen sassauta wannan ɓangare, sai a 1956 aka fitar da ainihin rubutun hannunta.

Paparoma Pius XI ya ayyana ta waliyyiya a 1925, sannan a 1927 ya naɗa ta majiɓinciyar masu aikin mishan, ko da yake ba ta taɓa zuwa mishan ba. A 1997 Paparoma John Paul II ya sanya ta cikin Malaman Ikilisiya, wato waliyyan da cocin Katolika ke ɗaukar koyarwarsu da muhimmanci na musamman. Uwa Teresa ta Kalkata daga gare ta ta ɗauki sunanta na zuhudu.