Gwajin Saurin Daskarewar Jini

Gwajin saurin daskarewar jini rukunin gwaje-gwaje ne da ake yi don gano dalilin da ya sa jinin mutum ke yin guda a cikin jijiya ba tare da rauni ba. Gudan ya fi tsayawa a ƙafa: sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ɗayar kuwa lafiya lau. Idan ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi ya sarƙe, yana iya kisa nan take.

Ba kowa ake yi wa ba. Likita kan nema ne ga wanda abin ya same shi yana matashi, ko ya maimaita masa, ko yake cikin danginsu, da kuma macen da ta yi ɓari sau uku a jere.

Cikin dalilan akwai na gado, kamar ƙarancin furotin C, furotin S ko antitirombin, waɗanda su ne birkin daskarewa a jiki. Akwai kuma Fakto 5 na Laiden, wani canjin gado mai sa jini saurin daskarewa, da aka gano a Holan a 1994, wanda ya yawaita a Turawa amma da wuya a same shi a baƙar fata. A ƙauyukan Kano da Jigawa ya fi amfani a san ko mutum na da sikila, domin ita ma tana ƙara haɗarin, a kuma duba garkuwar antifosfolifid, wadda ke juya wa jiki baya ta jawo guda da ɓari. Ba a yanke hukunci a kan wannan garkuwar sai an sake gwajin bayan mako 12.

Lokaci ne wuyar aikin. Juna biyu yana rage furotin S, wafarin, maganin hana daskarewar jini, yana rage C da S, sabon guda ma yana rikita sakamako. Shi ya sa ake fara magani tukuna, gwaji ya biyo baya bayan an gama shan maganin.

Ana ɗibar jinin a kwalba mai shuɗin murfi, kashi 9 jini, kashi 1 sinadarin sitiret mai hana jinin daskarewa, a cika ta daidai layi. Ana so a sarrafa shi cikin awa 4. Abin takaici, kwalbar da ta taso daga ƙauye a kan babur cikin zafin bazara, ba firji, takan lalace kafin ta isa birni. Gara a tura majiyyacin da kansa babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a ɗebi jinin a can.