Waiwaye: Yadda filin ajiye mota ya cinye tsakiyar biranen Amurka

Muhawarar nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Amurka. Me ya sa baƙo zai sauka a Finiks, mai mutane sama da miliyan ɗaya da rabi, ya yi ta waige-waige yana neman cikin gari, alhali Bostan, da ba ta kai rabin wannan adadi ba, kana fitowa daga tasha ka san birni ka shigo? Wasu sun ce dogayen benaye ne ke yin birni, wasu sun ce yawan jama'a. Ni dai a wurina sawun ƙafa ne: ƙofar shago dab da ƙofar shago, mai burodi a ƙasa, 'yan haya a sama, mutane na kai da komo har dare.

Ba dare ɗaya aka rasa wannan ba. Masu ba da tarihin sukan fara da 1916, da Niyok ta kasa gari shiyya-shiyya, sai shari'ar 1926 da ta tabbatar wa garuruwa ikon raba gidaje da kasuwanni, sai dokar 1956 ta gina manyan hanyoyi mil 41,000, waɗanda wasunsu suka tsaga tsofaffin unguwanni gida biyu. Duk gaskiya ne.

Amma akwai wata 'yar ƙa'ida da ba a cika ambata ba, wadda ta bazu gari-gari a shekarun 1940 da 1950. Motoci sun yi yawa, gefen titi ya cika, sai aka ce duk mai sabon gini ya tanadi wurin ajiye mota a cikin filinsa. Niyyar ba ta da aibu. Lissafin ne ya yi ɓarna. Mota ɗaya, da hanyar shiga da fitarta, tana cin kusan murabba'in mita 30. A garuruwa da dama ana neman gidan abinci mai faɗin murabba'in mita 93 ya tanadi gurbin mota goma. Ke nan filin kwalta ya ninka wurin cin abincin sau uku! Wa zai taka da ƙafa daga wannan shago zuwa na gaba, bayan tsakaninsu fili ne fetal, rana na dukan kwalta, babu ko inuwa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne makomar tsofaffin gine-gine. Doka ba ta rushe su ba, amma a wurare da yawa, ranar da ka so mayar da tsohon kanti gidan shan shayi, sabuwar ƙa'ida ta hau kanka. Ko ka haƙura ginin ya zauna a kulle, ko ka sayi na maƙwabci ka baje shi domin motoci. Haka layin shaguna ya riƙa yin giɓi, ɗaya bayan ɗaya, kamar bakin tsoho. Unguwannin Bostan da Filadalfiya da ake yabo a yau, yawancinsu an gina su ne kafin ƙa'idar ta zo.

Hustan ta ishe mu shaida cewa ba tsarin shiyya kaɗai ba ne ya jawo haka. Sau uku mazaunanta suka ƙi tsarin shiyya a ƙuri'a, a 1948 da 1962 da 1993, amma ƙa'idar gurbin mota tana nan a akasarin birnin, kuma ya bazu kamar sauran.

Sai a 'yan shekarun nan aka fara juyowa. Bafalo ta soke sharaɗin gurbin mota a faɗin birni a 2017, Miniyafolis ta bi sahu a 2021, jihar Kalifoniya kuma ta cire shi a kusa da manyan tashoshin sufuri da dokar 2022. Filayen da aka riga aka malala wa kwalta kuwa suna nan yadda suke, da fararen layukansu, da yawansu wayam ko da tsakar rana.